Aska Biyu a Tabarma Ɗaya

Duk wanda ya bi lungun bayan injin niƙa a unguwar Hausare ta Garwa, zai ji Jafaru kafin ya gan shi. Shuu, shuu, ƙarfe a kan jiƙaƙƙen dutse, tun daga hantsi har la'asar sakaliya. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan yana zaune a rumfar tsakar gidansa, ƙafar dama a miƙe, ta hagu a naɗe, har gwiwar nan ta manta da miƙewa. Ko masallaci za shi, sai ka ce rami yake takawa.

Shi ba wanzami ba, shi ba maƙeri ba. Mai gyaran aska ne. Wadda tsatsa ta cinye, wadda ƙotarta ta fashe, wadda wani sakaran ɗa ya gada ya fere rake da ita, duk wurinsa ake kawowa. Sai ya bugi ƙusa ya raba ƙarfe da ƙota, ya jiƙa a kananzir, ya kankare, ya bi da ita dutse uku: mai kaushi, mai dama-dama, da wani baƙi mai santsi kamar hanta wanda ubansa ya tsinto a gindin dutsen Tingilin. Daga nan sai fata. In ƙota ta mutu, ya sassaƙa wata da ƙahon bijimi. Askar da ta fito daga hannunsa, ka ɗora gashi ɗaya a bakinta ka hura, ya rabu biyu.

Kakansa Bakatsine ne, ya zo da kanwa ya tsaya jiran jirgin ruwa a bakin Binuwai. Jirgi ya zo ya tafi, ya sake zuwa ya sake tafiya, mutumin nan yana nan, don ya ga wata mai tallan nono. Haka maza suke, su ce maka jirgi suke jira. Kanwa ta ƙare, jari ya bi ta, sai ya koma wasa wa mahauta wuƙa. Ɗansa ya gaji dutsen ya ƙara da aska, Jafaru ya tashi ya bar wuƙa ya riƙi aska kaɗai.

Zamani dai ya zo da nasa. Yanzu kowane lungu da shagon kwafer, matasa da injin aski mai kuka kamar zanzaro, ga lam, wato rezar kanti da ake yi da ita sau ɗaya a jefar. Wanzamai sun ragu kamar haƙoran tsohuwa. Amma waɗanda suka saura, masu riƙe da ƙarfen gado, ba su san kowa ba sai Jafaru. Daga Domayo ta Marwa ake aiko masa da aska naɗe cikin tsumma a hannun direba. Daga Banyo ma an taɓa aikowa, ta yi sati biyu a hanya, ta iso da laka.

Sai dai mutumin akwai ƙa'ida kamar alƙali. Ba ya karɓar aska hannu da hannu, sai ka ajiye a tabarma ya ɗauka. Ba ya kwance aska biyu a lokaci guda, ko Lamiɗo ne ya aiko ka. In ya gama washi kuma, ba za ka tafi ba sai ya kai ta kusa da kunne ya ƙyasta ta da farce. Ya ce lafiyayyen ƙarfe yana amo, tiiin, ya daɗe yana yi. Mai ciwo kuwa sai ya ce tak ya yi shiru. Bayan nan ya yagi auduga ya ja ta a hankali a kan bakin, daga gindi har tsini. In sili ɗaya ya maƙale, koma gida, ba yau ba.

Wanzamai suna cewa iyayi ne. Ba su san inda ya samo iyayin ba. Matarsa Sadiƙa ta sani, ita ma ba shi ya gaya mata ba. Macen da ta shekara talatin tana ajiye wa namiji buta ba ta bukatar a nuna mata inda ƙaya ta soke shi.

Ga yadda aka yi. Akwai wani wanzami, Dawuda, mutumin kirki mai sanyin hannu, da ya gaji aska biyu 'yan Jamus daga kakansa. Tagwaye ne: zubi ɗaya, tambari ɗaya, nauyi ɗaya. In ka cire musu ƙota, wanda ya ƙera su ma ba zai raba su ba. Ɗaya ƙotarta farin ƙashi, ɗaya baƙin ƙaho. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce, Dawuda ya kawo mai baƙar ƙota a wasa masa, don washegari yana da askin suna a Ngong, gidan wasu fataken masara da tun kakanni gidansu ke yi wa aski. Lokacin Jafaru yana ji da ƙuruciya da saurin hannu. Ya wasa, ya gwada a gashin damtsensa, ya miƙa.

Washegari aska ta ciji jariri a maɗiga, wurin nan mai taushi da ke bugawa a tsakar ka. Ba wani jini ba, ɗigo uku, aka shafa toka. Rana ta uku wurin ya kumbura. Ta biyar ya ƙi nono. Sai jiki ya sandare kamar itace, kwana tara da aski ya koma. Munir aka raɗa masa, kwana tara ya yi da sunan.

A gaban mutane aka ce kwana ne ya ƙare. A bayan ido aka ce hannun Dawuda ne ya yi rawa. Uwar yaron, Aisatu, ba ta yi kururuwa ba. Magana ɗaya ta yi: wanzamin gida gado ne, ba ita ta ɗauko shi ba, ba ita za ta kore shi ba, amma mai baƙar ƙotar nan kada ta sake tsallake mata dokin ƙofa har abada.

Dawuda ya dawo Garwa ya ajiye askar a gaban Jafaru.

“Duba min, don Allah. Ita ce ko ni ne?”

Jafaru ya shiga da ita ɗaki. Ya ƙyasta ta, ta ce tak. Ran nan ne ya fara jan auduga a bakin aska, kuma ran nan sili ya maƙale. Tsaga ce kusa da gindi, siririya kamar yanar gizo, irin wadda dutse ke rufewa ta yi ƙyalli, fata mai taushi ta buɗe ta. Ya fito ya ce, “Ƙarfe lafiya lau.”

Dawuda ya kalli hannunsa. Ya mayar da askar zabira, jakar fatar nan ta wanzamai, bai sake aiki da ita ba, bai kuma yar da ita ba. Ya rayu shekara ashirin bayan haka, kullum in zai aske jariri sai ya riƙe wuyan hannun dama da na hagu. A haka ya tafi. Jafaru kuwa ya yi suna, ɗaki mai kyau da aka gina a kan tsohuwar rijiya.

Daminar bara aka yi ruwa a Garwa har kwaɗi suka gaji da kuka. Ran wata Alhamis bayan azahar sai ga Taufiƙ, ɗan marigayi Dawuda, wanda ya gaji zabirar. Mutum ne ɗan shekara arba'in, mai gaggawa, waya kullum a kunne kamar an liƙa masa. Ɗakinsa ya yi yoyo a kan zabira, tagwayen duk sun yi tsatsa a wurin ƙusa, mai farar ƙotar ko buɗewa ba ta yi sosai.

“Baba Jafaru, yau sai ka taimake ni. Gobe suna a Ngong, gidan Dada Aisatu. Autanta Abdulhamid ya samu namiji bayan shekara takwas ana jira. Motar la'asar nake so in kama.”

Jafaru ya ji sunan gidan, bai nuna ya gane shi ba. Ya bugi ƙusar mai farar ƙota, ya ajiye ƙarfen a tabarma ta hannun dama.

“To baƙar fa?” in ji Taufiƙ. “Ga kananzir a kwano, su yi wanka tare mana. Ai tare aka haife su.”

“Ba na kwance biyu.”

“Haba Baba. Kai da ido a rufe ma ka san ƙarfe? Ko tsufa ne ya fara sallama?”

Nan ya taɓa gyambo. Don kuwa shekara biyu ke nan yanar ido ke sauko wa Jafaru a dama, yana ɓoyewa, yana ganin duniya kamar ta cikin ƙasari. Namiji kuwa ya gwammace ya faɗa rijiya da a ce ba ya gani. Ya jawo baƙar ya bugi ƙusarta, ya ajiye ƙarfenta a hagu, ya jefa ƙotocin biyu a aljihun gaba. Dama fara, hagu baƙa. Ya faɗa a ransa sau biyu.

Sai hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, iska ta fara girgiza kwanon rumfa. Sadiƙa ta ƙwala kira daga madafa, ruwan indararo zai sauka kan duwatsu. Jafaru ya tashi da gurguwar gwiwarsa ya je janye su. Taufiƙ, ɗan albarka, ya ga feshi ya fara taɓa tabarma, ya kama gefenta na waje ya zagayo da ita ciki. Taimako ya yi. Tabarma ta juya, abin da ke dama ya koma hagu, kuma babu wanda ya ce wa wani komai.

Jafaru ya dawo ya zauna. Ya kankare ƙarfen dama ya sa masa farar ƙota, ya bi da shi dutse uku har ya yi ƙyalli. Ya kai kunne ya ƙyasta, amma ruwa na dukan kwano, injin niƙa na ruri, ko kalangu aka buga ba zai ji ba. Ya miƙa hannu wurin jakar auduga, ya tarar ta jiƙe sharkaf.

“Baba, mota ba ta jira.”

Ya gwada tsinin a damtse. Gashi ya zube. Ya ajiye ta a tabarma, Taufiƙ ya ɗauka, ya ce baƙar ta kwana nan sai ya dawo, ya fita cikin ruwa da gudu. Jafaru ya mayar wa ɗayan ƙarfen baƙin ƙahonsa ya ajiye.

Juma'a gari ya waye da sauran gajimare. Rana ta ɗan ɗago, injin niƙa bai tashi ba tukuna, unguwa tsit. Jafaru ya ɗauko mai baƙar ƙota don ya shafa mata mai ya naɗe. Bai yi niyyar gwada ta ba. Me zai gwada? Hannu ne kawai ya yi abin da ya saba, farce ya ƙyasta.

Tiiin.

Amon ya daɗe, ya zagaya rumfar kamar yana neman wurin zama. Sau ɗaya Jafaru ya taɓa sauraron askar nan, shekara talatin da ɗaya da suka wuce, kuma tak ɗin da ta ce bai taɓa barin kunnensa ba. Ya sake ƙyastawa. Ya yagi audugar matashin da yake jingina da shi, ya ja daga gindi har tsini. Ta wuce sumul. Sau uku ya ja, sau uku ta wuce.

Sadiƙa ta fito da kwanon koko ta same shi zaune baki buɗe.

“Malam, lafiya? Maciji ka gani?”

“Wannan ce lafiyayyar.”

Ta kalli baƙin ƙahon. Ta ajiye kwanon a hankali.

“To wadda Taufiƙ ya tafi da ita?”

Ya juya ya kalli ƙofar gida.

“Innalillahi. Gidan Aisatu.”

Ta kwance wayarta daga bakin zane ta kira. A kashe. Mai waya a kunne kullum, amma ranar askin jariri kashe ta yake yi ya jefa zabira. Ba su da lambar kowa a gidan.

Jafaru ya fara magana, irin wadda mutum ke yi wa kansa da ƙarfi. Tsagar ai kusa da gindi take, Taufiƙ kuwa da tsakiya yake aski. Jiya ma ya goge ta sosai, wataƙila dutse ya cinye ta. Yanzu zamanin allura ne da lopital, asibiti ke nan, ba zamanin toka ba. Kuma in ya je, me zai ce? In ya ce akwai tsaga, za a ce tun yaushe ka sani.

“Tun yaushe ka sani, Malam?”

Ya ɗago ya kalle ta.

“Shekara talatin ina ganin ka ja auduga kana runtse ido kamar wanda ake cire wa ƙaya. Ka ɗauka makauniya ka aura? Na yi shiru don wanda ya mutu ya riga ya mutu. Wannan kuwa yana numfashi. Tsaga a ƙarfe hali ce, dutse ba ya cinye ta, da bakinka ka gaya min. Tashi.”

“Sunana, Sadiƙa.”

“Sunan naka maɗiga gare shi? Tashi, ko in yafa mayafi in je in faɗa da bakina, kuma ka san bakina.”

Ta zuba masa baƙin dutse da fata da ƙaramar guduma da tsinken bugun ƙusa a jaka. Ta leƙa ta kira Jérémie, maƙwabcinsu ɗan moto mai haya da babur, dattijo mai furfura a gemu.

“Ngong, Papa? Yanzu? Hanya a jiƙe take fa.”

“In ka iya tashi sama, tashi.”

“To riƙe ni da kyau. In ka faɗi, Madam Sadiƙa a dutsenka za ta wasa ni.”

Suka haye gadar Binuwai, kogi ya cika ya yi ja wur yana tafiya da itatuwa. Wani hadarin yana haɗuwa a gabansu. Jérémie yana ta zance, iska tana kwashewa, Jafaru bai ji ko ɗaya ba. Lissafin gidan suna yake yi. Yanzu an raɗa suna. Yanzu an yanka rago. Yanzu wata ta ɗora ruwan ɗumi, wata na neman sabulu. Bayan sun yi rabin hanya garken shanu ya tare kwalta, makiyayin yana tafe da sanda a wuya kamar ba za a mutu ba. Jafaru ya zauna yana kallon ƙahoni suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, baƙaƙe da farare, askar tana dukan ƙirjinsa ta cikin aljihu.

Gidan bai yi wuyar samu ba. Tabarmi a ƙofa, maza da manyan riguna, ƙamshin suya, ana ta Allah ya raya Muhaimin. Jafaru ya sauka tun moto ba ta gama tsayawa ba, ya ratsa maza, ya ratsa zaure, ya faɗa cikin mata ba sallama.

A ƙarƙashin mangwaro suke. Dada Aisatu, yanzu tsohuwa 'yar siririya, ta miƙe ƙafa a tabarma, jaririn kwance a cinyarta, ta tallafe kan. Taufiƙ a durƙushe, mai farar ƙota a hannun dama, na hagu riƙe da wuyan hannun yadda ya gani wurin ubansa. Ga ƙwarya da ruwa, gashi mai laushi yana yawo a kai. Rabin kan ya fita fes. Aska tana hawa, saura kamar yatsa biyu ta kai maɗiga.

“Ɗaga hannunka!”

Taufiƙ ya ɗaga. “Baba Jafaru?”

Mata suka hau jan mayafi. “Wane ne wannan? Namiji ba sallama? Ina mazan gidan?”

Duk tsawon hanya bai yi tunanin yadda zai fara ba, shi ya sa ya fara ta inda bai kamata ba. Ya zaro mai baƙar ƙota ya ɗaga sama.

“Da wannan za ka ƙarasa.”

'Yan mata ba su gane ba, tsofaffin suka gane, wata ta sa salati. Aisatu ta rufe kan jaririn da tafin hannunta. Ba ta ɗaga murya ba.

“Taufiƙ, wa ya shigo min da wannan?”

“Dada, wallahi a Garwa na bar ta.”

“Hajiya, ke ƙotar kika sani,” in ji Jafaru, numfashinsa na yankewa. “Ni ƙarfen na sani. Jiya an yi musaya a tabarmata. Wadda ta ciji ɗanki ga ta can a hannun Taufiƙ, ta sa farar riga.”

“Ɗana hannu ne ya yi rawa a kansa. Kowa ya sani.”

“Hannun Dawuda bai yi rawa ba. Tsaga ce a ƙarfe. Ni na wasa ta ran nan, ban duba ba. Da ya dawo ya tambaye ni, na duba na gani, na ce masa lafiya lau.”

Taufiƙ ya juyo gaba ɗaya yana kallon sa. Jaririn ya tsala kuka. Kuma ba a barin kai rabi a aske rabi da gashi, malamai sun hana, dole a ƙarasa, dole kuma da ɗaya daga cikin biyun nan.

Jafaru ya sa aka ajiye farar a tabarma, ya ɗauka, ya ja auduga a kanta. Kusa da gindi sili ya maƙale yana lilo. Ya nuna wa Aisatu.

“Auduga ba ta jini,” ta ce. “Tsohon da ya shekara talatin yana ƙarya, yau zan ba shi kan jikana a kan sili ɗaya?”

Sai ya ajiye askar, ya cire hula, ya durƙusa da gwiwar nan da ba ta son durƙuso, ya sunkuyar da kai.

“Ja ta a kaina, Taufiƙ. Tun daga tsini har gindi. A hankali, yadda za ka yi wa jariri.”

Taufiƙ bai motsa ba.

“Ja,” in ji Aisatu.

Ya ja. Hannun ubansa gare shi, mai sanyi. Tsini ya wuce. Tsakiya ta wuce. Da gindi ya taɓa fata sai jan layi ya buɗe, jini ya gangaro ta gira ya shiga idon nan mai yana. Taufiƙ ya saki askar kamar ta ƙona shi.

Aisatu ta juya kan jikanta wajen haske. Ta bi rabin da aka aske da ido, ta bi da yatsa. Sama da kunnen dama ta tsaya. Wani ja ne siriri kamar zare, tsawonsa bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba, ko zubowa bai yi ba. Ta daɗe tana kallo.

“Ƙahon nan ba zai taɓa jikana ba,” ta ce, “ko wane ƙarfe ne a ciki.”

Aka kifa turmi. A kan gindinsa Jafaru ya bugi ƙusoshin biyu, jini na ɗiga masa a riga, ya mayar wa kowa ƙotarsa. Ya jiƙa baƙin dutse ya wasa lafiyayyar, mata sun zagaye shi, jariri na kuka har muryarsa ta dashe, bai yi sauri ba. Ya bi da fata. Ya ƙyasta, tiiin, har na ƙofar zaure suka ji. Ya ja auduga ta wuce. Ya ajiye a tabarma.

Taufiƙ ya goge ta da alkol, ruwan kashe ƙwayoyin cuta. Ya kai hannun hagu zai riƙe wuyan na dama, ya tsaya ya kalli hannun, ya sauke shi. Haka ya ƙarasa askin, ya bi ta kan maɗiga kamar iska.

Uban yaron, Abdulhamid, bai jira tuwon suna ba, ya ɗauki mai jego da jariri zuwa lopital. Wata ma'aikaciya, Hortense, ta wanke wurin, ta duba katin awon ciki, ta ce alluran da uwar ta yi suna tsare shi, amma a sa ido, in ya ƙi nono a kawo shi da gudu.

Jafaru ya tattara kayansa ya rataya jaka.

“Ina za ka?” in ji Aisatu.

“Gida, Hajiya.”

“Wancan kwana tara ya yi. Ga zaure can. Za ka zauna mu ƙirga su tare.”

Jérémie ya koma shi kaɗai ya kai labari. Sadiƙa ta ce daidai ne, ta aiko da riga biyu da carbi.

Ya zauna a zauren. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya yi hira da shi, abinci kawai ake ajiyewa a tafi. Ya wasa wuƙaƙen gidan kaf, ya wasa na maƙwabta, ya koma kan lauje da almakashi. Kunnensa kuwa yana cikin gida. Rana ta uku aka ce wurin ya ɗan yi ja. Rana ta biyar hantsi ya yi, rana ta take, bai ji kukan yaro ba. Ya ajiye wuƙar da ke hannunsa. Ya zauna yana kallon ƙofar cikin gida, yana jiran wanda zai fito da yadda fuskarsa za ta kasance. Sai dab da azahar kuka ya tashi, mai ƙarfi, na yunwa. Barci ne yaron ya yi.

Ran na tara Aisatu ta fito zaure da kanta, jaririn a kafaɗa yana tsotsar hannu. Ɓawon ciwon ya faɗi. Ta ajiye mai tsagar a gaban Jafaru.

“Karya ta.”

Ya cire ƙahon, ya ɗora ƙarfen a dutse. Bugu ɗaya ya yi, ya rabu daidai wurin. Ta kwashe guntayen biyu da bakin zane, ta ce a bayan ɗakinta za ta binne su, kusa da ɗan tudun da Munir yake. Ƙahon kuwa ta tura masa da ƙafa.

“Shekara talatin da ɗaya ina tsine wa ƙahon bijimi. Tafi da abinka.”

“Ki yafe ni, Hajiya.”

“Nawa mai sauƙi ne, ina da rai, zan duba. Je ka nemi Dawuda.”

Labari ya riga shi isowa Garwa. Wasu wanzamai sun ɗauke ƙafa, wasu sun ce gara wanda ya faɗa da wanda bai faɗa ba. Na Domayo har yanzu suna aikowa. Taufiƙ bai sake taka gidan ba. In farar ta dakushe sai ya ba Jérémie ya kawo, ba gaisuwa, ba saƙo. Jafaru ya yarda an kai shi an cire yanar idon, amma duk da haka in ya ƙyasta aska sai ya kira, “Ke, zo ki ji,” Sadiƙa ta fito da muciya a hannu tana mita, ta kasa kunne. Baƙin ƙahon yana rataye a ƙusa cikin rumfar, ba komai a cikinsa.

Muhaimin ya fara tafiya. Sama da kunnensa na dama akwai ɗan layi inda gashi bai fito ba. In baƙuwa ta tambaya, Dada Aisatu sai ta ɗora tafin hannu a wurin ta sake zance.

Kowace Juma'a bayan an sauko, Jafaru yana jan ƙafarsa zuwa maƙabarta. Damina goma sha ɗaya ta bi ta kan kabarin Dawuda, tudun ya kwanta ya saje da na kusa da shi. Wanda ya san wurin sosai Taufiƙ ne. Jafaru sai ya tsaya inda yake zato, ya cire hula.